DAGA BAKIN GADA: Me Ke Bayan Gwangwanin?

A fitowar da ta wuce mun yi alkawarin yin magana a kan littattafan yara da tsadarsu, to amma wani abu ya faru a unguwarmu wanda ya sa dole mu jingine wancan zance sai wani jiƙon. Muna roƙon afuwa.

Ranar wata Litinin da safe muna kiran suna a aji, sai muka ga gurbin wani yaro ɗan shekara 11 babu kowa, alhali kuwa yaro ne wanda ko zazzaɓi bai cika hana shi zuwa lakwal ba. Kafin a fita shan iska sai ga mahaifiyarsa ta yi sallama a bakin ƙofa, idanunta jajur. Ta ce, "Mushe, ɗanka fa yana asibiti tun jiya da la'asar." Muka ce, "Subhanallahi! Malama, me ya same shi?" Ta ce, "Harbinsa aka yi."

Ga yadda abin ya kasance. Ta aike shi sayen gawayi, ya bi ta lungun da ya saba bi kullum, wanda ya ratsa bayan wani gida mai dangar zana. A cikin gidan kuwa samari uku ne suka kifa gwangwanin tumatir a kan dirkar danga, suna harbinsa bi da bi da bindigar iska, wanda ya kuskure ya biya dala ashirin. Ɗaya ya kuskure. Ƙwayar dalma ta keta zana ta sami yaron a ƙarƙashin idon hagu. Likita ya cire ta, ya kuma shaida wa uwar cewa da ta ƙara sama da faɗin yatsa guda, da idon ya tafi ke nan.

Saurayin da ya yi harbin ɗan maƙwabtansu ne, shi ma a hannunmu ya yi karatu. Bindigar ta kawunsa ce, ya saye ta don korar jan-baki a gonar shinkafa. Da muka je wurinsa muka tarar ko abinci ya kasa ci. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Wallahi Mushe ban gan shi ba." Mun yarda bai gan shi ba. Ai matsalar ke nan. Ya ga gwangwani sarai, amma bai taɓa tambayar kansa abin da ke bayan gwangwanin ba.

Kada wani ya ɗauka muna ƙyamar harbi ne. Gwada saiti tsohon wasa ne a wurinmu. Kusan dukanmu mun yi harbin danƙo muna yara, kakanninmu kuma da kwari da baka suka tsare garuruwansu, suka ciyar da iyalansu. A duniya ma wasa ne mai daraja, domin yana cikin wasannin Olamfik tun na farko da aka yi a birnin Atina a shekarar 1896. A can masu bindigar iska suna tsayawa a nisan mita 10, ɗigon tsakiyar da suke nema kuwa rabin milimita ne kacal. To amma a can akwai fili na musamman, akwai bango mai tare harsashi, akwai kuma alƙalin fili wanda in bai ce a ɗura ba babu mai ɗurawa. Mu a nan mun ɗauko wasan mun baro ƙa'idojinsa.

Wannan ne ya sa muka tashi takanas muka je wurin wani tsohon maharbi da ke zaune a kan hanyar Garu, wanda ya haura shekara 70, ƙarfinsa duk a daji ya ƙare. Bayan gaisuwa muka ce, "Baba, a zamaninku yaya ake koya wa yaro harbi?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ni shekara uku na yi ina ɗaukar wa mahaifina gora da jaka kafin ya bar ni in taɓa kunamar bindiga. Ranar da ya fara miƙo mini ita, sai ya kafa sakaina a gindin wata gaɓa, ya ce in auna. Na auna. Ya ce, me ka gani? Na ce, Baba, sakaina. Ya karɓe bindigarsa muka koma gida, bai ce mini uffan ba. Sai da muka yi haka sau uku. A na huɗu na ce, Baba, na ga sakaina, bayanta gaɓa ce mai laushi, sama da gaɓa gonar gero ce an girbe babu kowa, hagu hanyar rafi ce, ga wata mace can da tulu, bari ta wuce. Ran nan ne ya ce in harba."

Muka dawo gida muna juya wannan magana. Tsohon nan bai taɓa shiga aji ba, amma darasin da ya bayar shi ne ainihin wanda ake koya wa soja da ɗan wasa a ko'ina cikin duniya: ka san abin da kake harbi, ka kuma san abin da ke bayansa. Bari mu ɗora lissafi a kai don masu ganin kamar tsoro ne kawai irin na tsofaffi.

Ƙwayar bindigar iska faɗinta milimita 4.5 ne, ba ta kai ƙwayar wake ba, shi ya sa yara suke raina ta. Amma tana fita da gudun mita 150 zuwa 300 a sakan guda, gwargwadon ƙarfin bindigar. Zana ba ta tare ta, labule ba ya tare ta, ido kuwa ko kaɗan. Ƙananan ƙwayoyin bindigar farauta mai lamba 12 suna kai mita 200 zuwa 300 kafin su faɗi. Ita kuma ƙaramar bindigar nan mai lamba 22, wadda ƙararta ba ta da yawa, harsashinta yakan yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi, har masu ƙera shi sukan rubuta gargaɗin haka a jikin kwali. Gadar da ta haɗa mu da Gaya ba ta kai kilomita ɗaya ba. Wato ke nan mutum yana iya tsayawa a gaɓarmu ya yi harbi, harsashin ya sauka a ƙasar Nijar, ba tare da ya tsaya wurin ƴan duwan ba.

Mun kawo zancen kogi ne da gangan, domin mun sha ganin samari a kan yashi idan ruwa ya ja baya, suna jefa kwalba cikin Kwara suna harbinta tana tafiya. A ganinsu ruwa ya fi ko'ina aminci tunda babu gida a kai. Wannan kuskure ne babba. Duk wanda ya taɓa jefa tsingaro a kan ruwa ya ga yadda yake tsalle sau uku sau huɗu, to haka harsashi yake yi in ya bugi ruwa a kwance, ya tashi ya canza hanya, mai harbin kansa bai san inda ya nufa ba. Haka yake yi a kan dutse, da ƙarfe, da kwalta, da daɓen siminti, wani lokaci ma ya dawo wa mai shi. Kogin nan kuwa ba ya rabuwa da mutane: ga Sarkawa da tarunsu, ga mata masu wanki, ga yara masu wanka, ga Fulani masu shayar da shanu. Da aka rufe gada bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, kowa ya ga yadda kwalekwale ya yawaita, cike da fasinja da kaya. Wurin da ya dace da gwajin saiti shi ne gindin tudun yashi ko gaɓa mai laushi wadda ta fi mutum tsawo, babu hanya a bayanta, babu duwatsu a jikinta. In babu irin wannan wuri, to babu harbi.

Abu na biyu shi ne kalmar nan da ta jefa gidaje da yawa cikin makoki: "Ai babu komai a ciki." A ranar 21 ga Oktoba 2021, a jihar Niyu Meziko ta ƙasar Amurka, ana shirin ɗaukar wani fim mai suna Rust, aka miƙa wa shahararren ɗan wasa Alec Baldwin bindiga aka ce masa babu harsashi mai rai a cikinta. Ta tashi, ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ta raunata daraktan fim ɗin. A shekarar 2024 kotu ta yanke wa matar da aka ɗauka aikin kula da makaman ɗaurin wata 18. To idan haka ta faru a inda ake biyan mutum albashi don ya duba bindiga kawai, ina ga tamu da ke rataye a bayan ƙofa, wadda maigida kansa ya manta ko ya sauke ta tun farautar bara? Duk bindigar da ta zo hannunka ka ɗauka a ɗure take, sai ka buɗe ka duba da idonka. In ka ajiye ta ka juya baya, da ka dawo ka sake dubawa.

Bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, ita tana da nata halin, tunda ba a buɗe ta a ga cikinta. Tsohon maharbin nan ya nuna mana dabararsu: sukan yi tsaga a jikin ƙarfen ɗuri daidai inda yake tsayawa in bindiga wofi ce, saboda haka da an zura shi an ga tsagar ta tsaya sama, an san akwai ɗuri a ciki. Rashin wannan ne yake sa mutum ya yi ɗuri a kan ɗuri, bututu ya fashe ya tafi da yatsu. Ya kuma ce idan albarushi ya sha sanyi, akan ja kunama ta ƙi tashi, sai bayan ɗan lokaci ta tashi da kanta. A irin wannan hali mutum ya ci gaba da riƙe ta bakinta na kallon gaɓa, ya ƙirga aƙalla minti guda, kada ya kuskura ya leƙa bakin ko ya hura shi. Kada a zuba albarushi kai tsaye daga gora cikin bututun da aka gama harbi da shi yanzu, domin wataƙila da sauran tartsatsi. Kada a farke harsashin zamani a juye garinsa cikin bindigar maƙera, ƙarfinsa ya fi ƙarfin bututunta. Wanda kuma ya ratsa fadama ya duba ko laka ta toshe bakin bindiga, domin toshewa ma tana fasa bututu. Taba da albarushi kuwa ba sai mun faɗa ba.

Abu na uku, bakin bindiga da yatsa. Kada bakin bindiga ya kalli mutum ko da ƙiftawar ido, ko a ɗure take ko wofi, ko da wasa ko don ɗaukar hoto. Yatsa kuma ya zauna a miƙe a gefe, kada ya shiga wurin kunama sai an auna an yi niyyar harbi. Mutum yakan yi tuntuɓe, ko a kira shi ya waiwaya, ko kare ya yi haushi ya firgita, hannu kuwa in ya firgita damƙewa yake yi. Wanda zai hau babur, ko ya shiga kwalekwale, ko ya tsallake danga, ya sauke ɗuri tukuna. Wannan ba baƙon abu ba ne a addininmu. Malamanmu sun karantar da mu daga Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya kwaɗaitar da koyon harbi, shi ne kuma ya hana Musulmi nuna ɗan'uwansa da makami, ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya kame tsininsu kada ya yanki wani, ya kuma hana a mai da abu mai rai abin gwajin saiti. Yaran da ke ɗaure ƙadangare ko kurciya suna harbi su ji wannan.

Sai harbin sama a wurin biki, ko saukar alhazai, ko ranar Salla. Abin da ya hau dole ya sauko. Kimanin shekaru 100 da suka wuce sojojin Amurka sun yi gwaji a kan haka, wani hafsansu mai suna Julian Hatcher ya rubuta sakamakon, inda aka ga harsashin bindigar yaƙi yana dawowa ƙasa da gudun kusan mita 90 a sakan, wato fiye da kilomita 300 a awa. Babu motar da ke irin wannan gudu a hanyar Kandi. Wanda aka harba a karkace ya fi haka haɗari, don yana sauka da sauran ƙarfinsa. Kan da zai sauka a kai kuwa ba ya cikin masu murnar.

Yanzu bari mu juyo kan iyaye, domin a labarin da muka fara da shi, laifin saurayi rabi ne. Kawun ya rataye bindiga a zaure, kwalin dalma yana kan taga, kamar wanda ya ajiye tabarma. Yarjejeniyar ƙasashen CEDEAO a kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yuni 2006, ta ce kafin a ba farar hula izinin riƙe bindiga sai ya kai shekarun da aka ƙayyade, ba shi da tabon laifi, yana da dalili karɓaɓɓe, ya sami horo a kan kiyaye haɗari, kuma ya nuna zai kulle ta a wuri mai tsaro, harsashi a wani wuri daban. Ƙasarmu Benin ma ta yi dokarta ta makamai da harsasai a shekarar 2019. Wanda yake da bindiga a gida, ko gado ya ci ko saye ya yi, ya je ofishin ƴan sanda ya tambayi matsayinta tun kafin a zo a tambaye shi. Wani ƙaramin abu kuma da iyaye mata za su lura da shi: yara sukan tara ƙwayoyin dalma a baki lokacin harbi don saurin ɗuri. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ba mu manta da yadda gubar dalma daga wuraren haƙar zinariya ta hallaka yara kusan 400 a jihar Zamfara a shekarar 2010 ba.

Akwai kuma wata magana da ba ma son faɗi amma dole ne. Malanville ta yau ba irin wadda muka taso a ciki ba ce. Gandun dajin W yana nan kusa da mu ta wajen Karimama. A watan Fabrairun 2022 mutum 9 suka rasa rayukansu a hare-haren da aka kai cikinsa. A ranar 8 ga Janairun 2025 an ba da rahoton kashe sojojinmu 28 a yankin da iyakokin Benin da Nijar da Burkina Faso suka haɗu, sannan gwamnati da kanta ta tabbatar da rasuwar sojoji 54 a harin ranar 17 ga Afrilun 2025. Allah Ya jiƙansu. A irin wannan yanayi, sojan da ke gadi da magariba in ya hango saurayi a kan babur da abu mai kama da bindiga, ba shi da lokacin tantance ko ta iska ce. Hoton da yaro ya ɗauka yana riƙe da bindiga ya sa a Facebook ko WhatsApp don burge abokai, bai san idon da zai gan shi ba, bai san fassarar da za a yi masa ba. Mu Hausawan wannan ƙasa kuma mun san halin da ake ciki: ko an haifi kakanka a nan, in ɗanka ɗaya ya yi wauta, sunan jama'a duka ake kira. Zaman lafiyar da iyayenmu suka gina da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da sauran maƙwabta ya fi ƙarfin a yi cacar dala ashirin da shi.

To mene ne abin yi? Hana samari kawai ba ya magani, sai dai su koma bayan gari inda babu mai ganinsu. Shawararmu ita ce shugabannin al'umma da limamai da dattawan maharba su zauna, in har ana son wasan, a je wurin magajin gari da ƴan sanda a nemi izini da wuri sananne. A tsaya a kan bindigar iska kaɗai. A jera buhunan yashi a gindin gaɓa, a manna takarda mai zane a maimakon kwalba da gwangwani, domin kwalba tana barin gilas a inda yara ke yawo ba takalmi, gwangwani kuma yana mai da ƙwaya baya. A ja layi ɗaya wanda kowa zai tsaya a bayansa. A sa babba guda wanda maganarsa ce ta ƙarshe, kuma babu mai zuwa duba takarda sai an buɗe bindigogi duka an ajiye a ƙasa. A sa tabarau mai kare ido irin na masu aikin ƙarfe. Babu caca, babu wanda ya sha wani abu. In hukuma ta ce lokaci bai yi ba, sai a yi haƙuri a kulle bindiga, ga ƙwallo, ga kokawa, ga langa.

Idan kuma tsautsayi ya auku, Allah Ya kiyaye, kada a tsaya tonon ƙwaya da allura ko reza, kada a zuba toka ko garin magani. A danne wurin jini da tsumma mai tsabta a nufi asibiti. In ido ne kada a danna shi, kada a wanke, a kifa ɗan kofi a kai a ɗaure a hankali. Kada kuma tsoron hukuma ya sa a ɓoye mai rauni a ɗaki har ciwo ya ruɓe. Amsa tambayar ɗan sanda ta fi zaman makoki sauƙi.

Ɗalibinmu ya dawo aji bayan kwana 12 da filasta a kumatu, idonsa lafiya, alhamdu lillahi. Mahaifin saurayin ya biya kuɗin magani, muka raka liman gidan aka ba juna haƙuri, ko da yake har yanzu matan gidajen biyu gaisuwarsu ba ta koma kamar da ba, bayan maƙwabtakar shekara 20. Wasu sun ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Saboda haka muna roƙon kowane maigida da ya karanta wannan shafi, ko aka karanta masa, yau da dare kafin ya kwanta ya tashi ya duba: ina bindigar gidan nan take, a ɗure take ko wofi, kuma hannun wa zai iya kai wa gare ta?

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, amin. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu, inda za mu cika alkawarin zancen littattafai.